Makon Da Muka Yi Wa Tuwo Yaji

Da yawanku kun ga abin da ya faru a filin asambili ranar Alhamis ɗin makon jiya, lokacin da ɗaya daga cikinmu ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar taken ƙasa. Tun daga ranar muke jin maganganu iri-iri. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce tsoron gwajin lissafi ne. Babu ko ɗaya. Yunwa ce, kuma mu muka jawo ta da hannunmu. Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya ce tunda kullum labarin wasu muke liƙawa a wannan allo, yau sai mu liƙa namu. To, ga shi.

Mu shida ne, duk 'yan SS2. Abin ya faro ne daga wani bidiyo da ɗayarmu ta gani a wayar yayarta. Wata mata ce a Amurka, fatarta sumul, tana cewa ta daina cin duk abin da ya taɓa wuta. Ɗanyen ganye da 'ya'yan itace kawai take markaɗawa, ta tace, ta sha ruwan. Ta ce wuta tana kashe amfanin abinci. Kowaccenmu ta ji maganar ta zauna mata. Mai ƙuraje a fuska tana so su baje, mai ganin ta yi ƙiba tana so ta rage, mai gyangyaɗi a aji tana so ta wartsake. Ga kuma kwaɗayin samun labari mai zafi da za mu rubuta. Muka yi alkawari daga Litinin zuwa Lahadi ba tuwo, ba shinkafa, ba ƙosai, ko shayi babu.

Ranar Asabar muka haɗa kuɗin tararmu na mako biyu muka nufi kasuwar Sabon Gari. Lokacin ya yi mana daidai, domin yanzu ne kayan lambu ke fitowa daga fadamun rani irin na bakin kogin Galma. Muka sayi karas, kokumba, latas, kabeji da tumatir, muka ƙara da kankana biyu, abarba ɗaya, lemon zaƙi da citta. Mai karas ya dubi lodinmu ya ce, "'Yan mata, biki ake yi a gidanku?" Muka ce masa bincike muke yi. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ƙara mana gyara.

Gidan su ɗayarmu da ke nan Zabi muka mayar wurin aiki, saboda mahaifiyarta tana da bilenda. Ranar farko ko rabi ba mu yi ba aka ɗauke wuta. Sai muka koma turmi. Wanda bai taɓa daka ɗanyen karas a turmi ba, kada ya yi fata. Muka daka, muka zuba ruwa, muka tace da ƙyallen tatar koko. A nan muka fara ganin abin mamaki: sai an matse lemo uku kafin kofi ɗaya ya kusa cika, karas kuwa tuli guda ruwansa bai taka kara ya karya ba. Dusar da ta rage a ƙyalle ta fi abin da muka sha yawa nesa ba kusa ba. Muka juye wa akuyar gidan.

Kakar gidan tana zaune a tabarma tana kallonmu. Ta ce, "Kishiyoyina, me kuke yi haka?" Muka yi mata bayani. Ta ce, "Wato akuya ta ci tuwon, ku kun sha ruwan wankin tukunya." Muka yi dariya. Har muka cika kofi da ruwan kankana da abarba muka miƙa mata, muka ce zai taimaka mata da ciwon sugan da take fama da shi, don haka matar bidiyon ta ce. Ta ce, "Ku bar ni da abin da likita ya ce in ci." Muka ce a ranmu tsofaffi ba sa son sabon abu.

A gida kuwa kowacce ta koyi ƙarya. In an zuba tuwon dare sai mu ce mun ƙoshi, ko mun ci a gidan su wance. Wannan ne abin da ya fi ba mu kunya yanzu.

Ranar Talata jikinmu ya yi sakayau, muna ta yi wa juna kirari. Ranar Laraba labari ya canza. Ciwon kai ya zo, malami yana bayani muna ganin allo bibbiyu, ƙamshin awara da ƙosai a bakin get kamar da gayya ake turo mana shi. Abin da muke haɗawa da yamma shi muke ɗurawa a gora mu sha washegari, ba firji ba ƙanƙara, har ya fara tsami muna cewa haka ɗanɗanonsa yake. A daren Laraba gudawa ta kama ɗayarmu, aka kwana ana ba ta ruwan gishiri da suga. Sai daga baya muka tuna cewa ɗauraya ɗaya muka yi wa latas ɗin, a cikin ruwan da muka riga muka wanke karas mai ƙasa. Da safiyar Alhamis ta biyu ta faɗi a gabanku.

Da ta farfaɗo aka ba ta shayi da burodi, aka kira iyayenmu. Mahaifinta ya ce daga ranar ta bar ƙungiya. Shugaban makaranta ya ce zai duba ko ƙungiyar ma za ta ci gaba. Mu dai muna tsaye, kai a ƙasa.

Malamarmu ta Bayoloji ce ta zaunar da mu bayan an tashi. Mun zaci faɗa za ta yi, sai ta ce, "Ku faɗa min abin da matar ta ce, ɗaya bayan ɗaya." Muka faɗa. Ta ce akwai gaskiya a ciki: zafi yana rage bitamin C, shi ya sa lemo da goba suka fi amfani a ɗanyensu. Amma ba kowane abu wuta ke ɓatawa ba. Sinadarin da ke sa tumatir ja, jiki ya fi samunsa idan an dafa. Wanda ke cikin karas, da jiki ke mayarwa bitamin A, yana buƙatar ɗan mai kafin ya shiga jiki sosai. Wake dole a dafa shi, haka rogo mai ɗaci yana da guba sai an sarrafa shi. Akwai kuma bitamin B12 da ba a samu a ganye ko 'ya'yan itace, sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Ta ce jikin da ke girma kamar namu yana buƙatar abinci mai gina jiki da mai ba da ƙarfi, ruwan kokumba ba zai ɗauke mu daga asuba zuwa ƙarfe biyu ba.

Sai ta tambaye mu inda muka kai dusar. Muka ce akuya. Ta riƙe baki. Ta ce wannan dusar ita ce faiba, ita ke sa mutum ya ji ya ƙoshi, ita ke gyara bayan gida, ita ke hana zaƙin 'ya'yan itace shiga jini gaba ɗaya. In ka tace ka zubar, ka sha sugan lemo uku a minti ɗaya. Da muka ba ta labarin kofin da muka miƙa wa Kaka, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ku gode wa Allah da ta ƙi karɓa. Kada ku sake ba mai ciwon suga irin wannan da sunan magani." A nan ne jikinmu ya yi sanyi da gaske. Faɗuwar ƙawarmu ta ba mu tsoro, amma wannan ya fi.

Ta kuma gaya mana cewa maganar ɗanyen abinci ta daɗe. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Bircher-Benner, ya yi suna da ita a birnin Zurich tun wajen 1900. Amma abincin da aka fi saninsa da shi gurzajjen tuffa ne gaba ɗayansa, haɗe da jiƙaƙƙen hatsi da madara, ba tataccen ruwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce shi ne mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Ba ta ce a kife tukunya ba. Malama ta ƙare da tsokana. Ta ce a nan Samaru ake binciken noma tun 1922, kuma irin masara da dawa da wake da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ke fitarwa sunan garin suke ɗauke da shi: SAMMAZ, SAMSORG, SAMPEA. "Duk ƙasar nan ana shuka su ana dafawa, ku da ke maƙwabtaka da wurin kun ce kun yi yaji."

Ranar Juma'a muka koma gidan Kaka don ba ta haƙuri. Ta sa aka zubo mana tuwon masara da miyar kuka, ta zauna tana kallo har muka suɗe kwano. Ta ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Sannan ta shiga lissafa mana ɗanyun abubuwan da suka taso suna ci: goba, gwanda, yalo, kanya, magarya, ɗinya, aduwa, rake, gurji da ƙuli. Ta ce kunun aya ma da ake sayarwa a ƙofar makarantarku, wa ya taɓa ɗora shi a wuta? Jiƙa aya ake yi, a markaɗa da dabino da kwakwa, a tace. "Mun sha, mun ci, amma ba mu taɓa cewa ya maye gurbin tuwo ba." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Ba mu daina haɗa ruwan 'ya'yan itace ba, domin yana da daɗi, kuma ya fi lemon kwalba. Abin da ya canza shi ne yadda muke yi. Muna wanke hannu, mu wanke kayan da ruwa mai tsabta fiye da sau ɗaya, mu fere abin da ake ferewa. In mun markaɗa kankana ko gwanda ba ma tacewa, kuma a take muke sha, ba ya kwana. Kofi ɗaya ya isa, bayan an ci abinci. Sau da yawa ma mun gane cewa gara a ɓare lemon a ci, a gatsa karas ɗin, ba sai an jira wuta ba.

Mahaifin ƙawarmu ya yarda ta dawo ƙungiya da sharaɗin ya karanta wannan rubutu kafin a liƙa, kuma ya karanta. Muna ba iyayenmu haƙuri kan ƙaryar da muka yi musu, muna ba malamanmu haƙuri kan tashin hankalin da muka jawo. Ku kuma 'yan uwa, in kun ga wani a waya yana cewa ku bar abinci kaza, ku tambayi malami ko ma'aikacin lafiya tukuna, kuma kada ku fito makaranta ba ku karya ba. Akuyar gidan su ƙawarmu dai ta yi ƙiba a makon nan.

Daga 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida, ajin SS2.