Ruwan Goro Ba Ja Ba Ne

A garin Gangara, cikin sashen Gazawa na jihar Maraɗi, akwai wani saurayi da ya riƙi ɗaukar hoto sana'a. Shi ake kira in ana biki ko suna, shi ne kuma mai hoton katin shaida. Shekara huɗu yana gyaran hotuna a kan wata tsohuwar kwamfutar cinya, ba wanda ya taɓa yi masa ƙorafi, sai ran da wata Hajiya ta dawo masa da hotunan bikin ƴarta a ƙulle cikin leda.

"Ɗana," in ji ta, "ankon da muka yi ruwan goro ne, kai kuwa ka ba mu ja. Ƴata wankan tarwaɗa ce, dubi yadda ka mai da ta baƙa ƙirin. Wannan zan aika wa dangin mijinta?"

Ya buɗe kwamfuta ya nuna mata. A kan allo atamfa ruwan goro ce, amarya kuma tana nan da haskenta. Hajiya ta dubi allo, ta dubi takarda, ta ce ita ba allo za ta rataya a ɗaki ba.

Ya daɗe yana zargin masu wanke hoto kafin ya gane cewa laifin na ɗakinsa ne. Allon kwamfutarsa irin wanda ake kira TN ne, mai araha, wanda launinsa ke canzawa da zarar mutum ya ɗaga kai ko ya sunkuya. Haskensa ya yi yawa, kuma yana rinjaya zuwa shuɗi. Saboda haka duk hoton da ya buɗe sai ya ga kamar ya yi fari fat kuma ya yi sanyi, sai ya rage haske ya ƙara ja. A kan allo gyara ne, a takarda ɓarna. Hotunan katin shaida ƙanana ne, ba mai lura. Sai da aka zo ga babban hoto da idon uwar amarya asiri ya tonu.

Nan ya yanke shawarar haɗa kwamfutar tebur. Akwatin ya samu na hannu, saura allo da katin sarrafa hoto, wanda ƴan kasuwar Maraɗi ke kira "kat girafik". Abin da ya tara jika 200 ne, kuma ba shi kaɗai ke da ido a kansu ba. Ƙanensa, wanda ke riƙe masa fitila a wurin biki ba tare da lada ba, ya ɗora rai a kan wasan ƙwallon kwamfuta, eFootball, har yana lissafin yadda yaran unguwa za su riƙa biyan dala ashirin su buga.

"Yaya, kati shi ne komai," in ji shi. "Mu sayi RTX 3060, allo kuwa ko wanne ma ya yi."

Maganar yaron ba ta rasa hujja ba. Mai wasa sauri yake nema: allon da ke sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa maimakon sau 60, da kati mai ƙarfin da zai ciyar da shi. Mai gyaran hoto kuwa hotonsa a tsaye yake, ba inda za shi. Abin da yake buƙata allo ne irin IPS, wanda launinsa ba ya gushewa ko an dube shi ta gefe, kuma wanda ya cika ma'aunin sRGB, wato ma'aunin launi da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, wanda intanet da galibin wuraren wanke hoto ke bi har yau. Photoshop ya fi dogara ga ƙwaƙwalwar kwamfuta da yawan RAM. Kati taimako yake yi, ba shi ne uban tafiya ba. Allon da ya haɗa gaskiyar launi da sauri akwai shi, amma in an saye shi tare da babban kati, jika 200 ba ta kai ko'ina ba.

Akwai kuma abin da masu tallar kaya a intanet ba sa lissafawa, domin ba a Gangara suke zaune ba: wuta, zafi da ƙura. Ɗakin hoton da farantin hasken rana da batir yake aiki. RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, ban da sauran kwamfutar. GTX 1650, wanda ya fito a 2019, wat 75 yake ci, kuma yawancin irinsa ba sa buƙatar wata wayar wuta daban. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, duk wat ɗin da kati ya ja zafi yake komawa a cikin ɗaki. Da hunturu kuma fankarsa ƙurar buji take zuƙa. Babban kati a irin wannan ɗaki kamar ingarman doki ne a gidan da ba harawa.

Ran da suka tafi Maraɗi, ta hanyar Gazawa da Agye, mai hoton bai tafi da jerin sunayen kaya ba. Ya tafi da hoton amaryar a filashi, da ƙyallen atamfar ankon da ya roƙa a wajen Hajiya. Kowane shago suka shiga sai ya ce, "Alhaji, a taimaka a buɗe mini wannan hoton." Ya kara ƙyallen a jikin allo, ya matsa dama, ya matsa hagu, ya durƙusa. Sannan ya nemi a cika allon da fari, a cika da baƙi, don ya ga ko akwai mataccen ɗigo. Wani mai shago ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin mai sayen kwamfuta da tsumma ba.

Ba wauta ya yi ba. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, don su daidaita launi da shi; sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Na'ura tana bin ma'aunin da aka ba ta ne. Bahaushe kuwa yana da nasa: ya raba ja da ruwan goro da makuba, ya raba kore da tsanwa, ya raba baƙi da wankan tarwaɗa. Allo mai kyau yana iya nuna launi miliyan 16.7, amma waɗannan ƴan kalmomi su ne alƙalai idan hoto ya isa hannun mai shi.

Ya sayi allon IPS mai inci 24, ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, da GTX 1650 na hannu, bayan ya sa an kunna wasa na rabin awa ya ji fankar ba ta kuka. Ƙanen bai ce uffan ba har suka wuce Agye.

A gida ya rage hasken allon har farinsa ya yi daidai da farar takarda a ɗakin, ya sa labule a taga, ya sake gyara hotunan bikin gaba ɗaya, ya wanke su da kuɗinsa. Hajiya ta karɓa ta fita da su rana, ta daɗe tana dubawa, ta ce a ƙara mata biyu na babban.

Yanzu da rana allon na yaya ne. Bayan isha'i, in batir bai yi ƙasa ba, ƙanen ya jona hannayen wasa biyu, yara su yi layi a ƙofa. Har yau yana cewa wata rana sai ya sayi nasa mai 144, kuma ya fara tari a gwangwani. In an tashi, shi ke lulluɓe kwamfutar da zane saboda ƙura. Ƙyallen ruwan goron kuwa yana nan maƙale a gefen allo.