Takur: Furen Tukunya a Garin Duwatsu

Idan Allah Ya kai ki Dutse, ki daure ki leƙa unguwar Takur. Tun da garin ya zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, ma'aikata suka yi ta sauka a nan da iyalansu, gidajen siminti suka yawaita. Daga nesa za ki hango manyan duwatsun da suka ba garin suna, ga kuma dabinon da aka san Dutse da shi. Sai dai tsakar gida da yawa an dabe ta da siminti, wasu kuma haya suke zaune, ba halin dasa bishiya. A watan Afirilu zafi kan haura digiri 40. Ina mace za ta samu ɗan kore da zai sanyaya mata ido? Amsar tana cikin tukunyar ƙasa.

Kada ki ɓata kuɗinki a kan tulif, furen nan na ƙasar Holan da kike gani a kalanda. Albasarsa sai ta sha sanyi mai tsanani na wajen mako 12 kafin ta yi fure, hunturunmu kuwa bai kai nan ba. Muna da namu. Albasar kwaɗi, wadda ke tsirowa a fadama da faɗuwar damina, tana fitar da farin fure mai ratsin ja. Akwai kuma amarilis, 'yar asalin Kudancin Amurka, mai son ɗumi, wadda kan yi fure mako 6 zuwa 8 bayan dasawa.

Ki nemi tukunya a kasuwar Shuwarin, ki huda gindinta don ruwa ya riƙa fita, ki shimfiɗa katanga a ƙasa. Ki haɗa rairayi da takin dabbobi wanda ya ruɓe. Idan amarilis ce, ki bar kashi ɗaya cikin uku na albasar a waje. Ki ajiye kusa da taga inda haske ke shiga. Ruwa kaɗan ya isa, sai ƙasar ta bushe za ki ƙara, domin yawansa ne ke ruɓar da ita. In furen ya yaushe ki yanke karan, ki bar ganyen, shi ke ciyar da albasar don baɗi.

Hattara da abu biyu. Waɗannan albasoshi suna da guba, kuma sun yi kama da ta miya. Ki ɗora tukunyar inda hannun yaro da bakin akuya ba su kaiwa, kada ki taɓa ajiye albasar a madafa. Na biyu, wasu kan dasa irinsu da sunan gadali don neman tsari ko farin jini. Mu dai ado muke nufi, tsari na Allah ne. In maƙwabciya ta tambaya, ki yi mata bayani, ki kuma raba mata 'ya'yan da albasar ta fitar ta dasa nata.

Allah Ya albarkaci gidajenmu, amin.