Wasiƙa zuwa Kusfa daga Amurka

Zuwa ga Kawu Malam,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Ina gaida Inna da mutan gida da almajiran zaure.

Kun tambayi irin makarantar da nake ciki. Ƙaramar kwaleji ce a wani ɗan gari, ɗalibanta kaf ba su kai na babbar tsangaya guda a jami'ar da ke Samaru ba. Ba a ɗaure mutum a fanni ɗaya tun farko. Mai son likitanci sai ya taɓa tarihi da falsafa da adabi. Wannan bai zame mini baƙon abu ba, tunda a zaurenku ma ba a karanta fiƙihu a bar nahawu da lugga.

Zaman aji ne ya ba ni wuya. Tebur ake kewayewa, kuma har maki ake bayarwa a kan tofa baki. Mu da aka raina da sunkuyar da kai gaban malami, shirunmu rashin sani ake ɗaukarsa. Wani malamin ma so yake ka kira sunansa gatsal. Har yau bakina ya ƙi. Amma muhawarar kam na karɓe ta, domin tana tilasta wa mutum kawo hujja.

Sai batun fata. A Zariya ni ɗan Kusfa ne, an san kakana. A nan baƙar fata ne ni kawai, kuma da an taɓo bauta ko Afirka sai idanu su juyo kaina. Nawa ma da sauƙi a kan na baƙaƙen Amurka, jikokin bayi. Tun 1835 kwalejin Oberlin ta jihar Ohio ta amince ta riƙa ɗaukarsu, amma har gobe ƙalilan ne a irin waɗannan makarantu. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Shekara na zagayowa, baƙaƙe cikin sababbin ɗaliban kwalejin Amherst suka faɗo daga kashi 11 zuwa 3 cikin ɗari.

Kuma baƙaƙen Amurkan nan su suka riƙe ni, Kawu. Su suka nuna mini mai aski, su ke zama da ni lokacin buɗe baki alhali ba azumi suke ba. Wasu 'yan Afirka kan zo su ɗaga musu hanci, wai malalata ne. Wannan yana ƙona mini rai, don da gwagwarmayar iyayensu muka samu shiga.

Idan Auta ya nace sai ya zo, ku bar shi, amma ya fara sauke Risala a gabanku.

A sa ni a addu'a.

Ɗanku