Daga Indabo zuwa ɗakin lacca

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana cikin ƙaramar hukumar Wudil, inda Indabo take. Amma ga yaron da shan inna ya taɓa, wanda yake tuƙa kekensa da hannu a cikin yashi, tafiyar tana da tsawo. A ganina abin da ya fi tare shi ba ya jikinsa. Yana cikin matakalar da ba ta da gangara, da banɗakin da keke ba ya shiga, da lissafin iyaye cewa kuɗin makaranta ya fi dacewa da ɗan'uwansa mai ƙafafu.

Za a ce masu lafiya ma suna zaune da digiri ba aiki. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne. Sai dai mai ƙarfi yana da gona da dako da acaɓa. Shi mai nakasa kuwa, idan aka hana shi karatu, bara kaɗai ake bar masa. Aikin da ake yi da kai, irin su koyarwa da lissafin kuɗi da kwamfuta, shi ne fagen da zai kara da kowa. Farfesa Jibrin Isa Diso makaho ne, ya kuma koyar a Jami'ar Bayero. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sanya wa hannu a 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma gurbin yana jiran mai takardar shaida ne.