Daren Sha Bakwai a Birnin Lalle

Azumin da ya biyo bayan farin 1984 cikin bazara ya faɗo. Ina yaro a lokacin, aikina in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan kakana bayan asham, in zagaya da ƙwaryar ruwa, sannan in raɓe gefe in kasa kunne. Birnin Lalle ƙaramin gari ne a ƙasar Dakwaro, amma kowane yaro ya tashi da sanin cewa nan sarakunan Gobir suka zauna bayan sun baro Azbin, tun ba a kafa Alƙalawa ba. Shi ya sa hirar dattawanmu ba ta nisa sai ta koma kan asali.

Daren sha bakwai ga wata liman ya ba da labarin Badar: shekara ta 2 bayan hijira, Musulmi ɗari uku da ƴan kai gaban rundunar Ƙuraishawa. Yana rufe baki kakana ya gyara zama. Ya ce ai Gobirawa ma suna wurin. Sarkinsu Bana Turmi ya kasa mutanensa biyu, rabi wajen Manzon Allah (SAW), rabi wajen abokan gaba, don kada ya yi asara ko ta ina. Saboda haka aka ce Gobir ba za ta ƙara haɗa kai ba.

Akwai wani saurayi mai koyarwa a lakwal, wanda kowa ke kira Mushe. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ku gafarce ni, wanga zance almara ne. Babu shi ga littafin tarihi.”

Wuri ya yi tsit. Ni kam na ɗauka yau Mushe ya jawo wa kansa. Kakana bai ɗaga murya ba. “Ɗana,” in ji shi, “Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi. Yau ga sarki Tsibiri, ga sarki Sabon Birni, iyakar Nasara ta ratsa tsakaninsu. In ba mu rabu ba, mi ag ga wannan?”

Sai idanu suka koma kan liman, shi kuwa ya jima yana jan carbi kafin ya yi magana. Ya ce zance uku ne muke neman zubawa ƙwarya guda. Badar dai Allah Ya ambace ta da sunanta a Suratu Ali Imrana, wannan babu ja, kuma masu kiran wahayi tatsuniya tun a Makka aka ba su amsa. Na biyu shi ne abin da malamai suka rubuta da iyakar saninsu, kamar yadda Sarkin Musulmi Bello ya danganta Gobirawa da Ƙibɗawan Masar a Infaƙul Maisuri. Wannan ana auna shi. Na uku shi ne abin da kakanni suka bar mana a baki. Ya ce bai taɓa ganin sunan Bana Turmi cikin littattafan sira ba, don haka ba zai hau mumbari da shi ba, kuma ba zai jingina wa Annabi maganar da ba ta da isnadi ba. Amma wanda ya fara ba da labarin ya san ciwon mutanensa, ya kuma ɗaure musu gargaɗi a ciki: mai taka jirgi biyu shi ke faɗawa ruwa.

Kakana ya yi murmushi, Mushe ya miƙa masa goro da hannu biyu, aka ci gaba da hira har dare ya raba.

Daga baya na yi karatu a Maraɗi, na ga 1808 da 1836 rubuce a takarda, faɗuwar Alƙalawa da kafuwar Tsibiri. Amma ma’aunin da nake auna kowane labari da shi, a kan tabarmar nan na samo shi. Yau a wayoyinmu wani ya tura ƙissar da ba ta da tushe ya ce addini ce, wani ya yi tambaya a kafirta shi, wani kuma ya watsar da duk abin da tsofaffi suka faɗa.

Ya ɗan’uwa mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, je ka zauna ka ji labarinsa tun yana raye. Ka ajiye wahayi a matsayinsa, tarihi a nasa, zancen kakanni a nasa, kuma kada ka raina mai tambaya.