Kibiya Gari Ce ko Makami?

'Yan'uwa marubuta, da yawanmu mun ɗauka da zarar an zuba rubutu a cikin kwamfuta, to ita ke nan, ta karanta ta gane. Al'amarin ba haka yake ba. Manhajar da ke nazarin rubutu sassa-sassa ce, kamar marina: mai jiƙa baba daban, mai tsoma zane daban, mai bugu daban. Sashe na farko yana yanka jimla zuwa kalmomi, na biyu ya ce wannan suna ne wancan aikatau, wani kuma ya tsamo sunayen mutane da garuruwa. Kowane yana miƙa wa na gabansa abin da ya gama. Mu mutanen Rano, da aka san kakanninmu da rini, ba sai an faɗa mana ba cewa in aka ɓata tun daga karofi, mabugi ba ya gyarawa.

To wa ke gaya wa sassan nan yadda za su jeru? Wata 'yar takarda ce ta umarni da manhajar ke fara ɗauka kafin ta taɓa ko kalma ɗaya. A manhajar spaCy, tun fitowar zubinta na uku a 2021, sunan takardar config.cfg. A cikinta ake rubuta harshen da za a yi aiki da shi, da jerin sassan, da saitin kowane. Mafi yawan misalan da ake kwafa kuwa, don Ingilishi aka tsara su.

Na ga illar haka da idona. Wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta ya zo hutu, ya roƙi in ba shi insha'in 'yan ajina ya gwada wata manhaja da ya harhaɗa. Abin da ya fito ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni haushi. Akwai layin da ya ce a mayar da duk manyan baƙaƙe ƙanana, sai garin Kibiya, maƙwabcinmu mai ƙaramar hukuma guda, ya koma kibiyar maharbi. Ruwan Kanya ya zama ruwa da itaciya. Wani layin ya ce a share alamomin rubutu, sai 'ya'ya ta tsage biyu, ta zama ya da ya. Mafi muni, wani sashe yana watsar da duk harafin da ba ya cikin baƙaƙen Ingilishi, saboda haka ƙafa ta rasa kanta, ɗaki ya zama aki.

Yaron ya ce, "Malam, ai ba laifin na'ura ba ne, abin da aka rubuta mata ta bi." Ya buɗe takardar ya sauya layi uku, ya sake ɗora ta. Kibiya ta dawo gari.

Sai dai akwai inda gyaransa bai kai ba, kuma nan ne maganar ta shafe mu. Ɗaliban da suka rubuta kasa suna nufin ƙasa, ko bata suna nufin ɓata, babu saitin da ya cece su. Ƙugiyoyin nan ba ado ba ne. Tun shekarun 1930 aka shigo da su cikin boko, aka kuma tattauna su a taron UNESCO na Bamako a 1966. Har yau mu a Nijeriya muna rubuta 'y, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ, kuma dole mai tsara takardar umarni ya san cewa sauti ɗaya ne.

Masu bincike na ƙungiyar Masakhane sun fitar da MasakhaNER a 2021, tarin rubutu na harsuna 10 na Afirka, har da Hausa, wanda mutane suka bi da hannu suna nuna wa na'ura sunayen mutane da wurare. Daga irin rubutun da ke yawo ake tara waɗannan. Marubucin da ya buga littafinsa babu ƙugiya don wai madannin wayarsa na ba shi wahala, shi ma yana cikin masu koyar da na'urar, ya sani ko bai sani ba. Ni kam yanzu, duk insha'in da ya zo mini da kafa a gurbin ƙafa, ina zagaye shi da jan biro in mayar wa mai shi ya sake.