Daga Nguru Zuwa Gashuwa: Tafiya Da Ciki, Komowa Da Goyo

Duk wanda ya yi sammako ya je tashar mota ta Nguru ran da kasuwa ke ci, da wuya ya rasa ganin mata iri biyu cikin masu jiran mota ta cika. Ga wata yarinya zaune bisa ƙullin kayanta, ta lulluɓe da mayafi, ciki ya tsufa, wata dattijuwa tana gefenta tana yi mata fifita. Ga wata kuma a tsaye da jariri a baya tana jijjiga shi, an jibge mata ƙwarya da fanteka da buhun gero a gaba. Ta farko za ta gidan iyayenta ne goyon ciki. Ta biyu kuwa ta yi arba'in, za a mai da ita ɗakinta da gara. Mutane su ce wa waccan Allah ya raba lafiya, su ce wa wannan Allah ya raya, daga nan kowa ya shiga mota. Abin da ba a cika tsayawa a auna ba shi ne wace ce daga cikinsu ta fi shiga haɗari a kan hanyar nan.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata mai karatu ya san ƙasar da ake magana a kanta. Nguru tsohon gari ne na Mangawa, a nan ne Galadiman Barno ya zauna yana tsaron yammacin daular. A shekarar 1930 hanyar jirgin ƙasa ta iso garin daga Kano, tafiyar wajen kilomita 230, ta bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ta zo nan ta tsaya, ba ta ƙara gaba ba. Tun daga lokacin Nguru ta zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da bandar nama da ta kifi, ana lodinsu zuwa Kudu. Ciniki ya jawo Kanawa da Haɗejawa da Yarabawa da Ibo da Larabawa, suka zauna, aka yi auratayya. Abin da ya sa ke nan har yau za ka tarar da matar aure a Nguru iyayenta suna Kano ko Gumel, ko kuwa 'yar Nguru tana aure a Gaidam ko Damaturu.

Gashuwa tana gabas da Nguru, tsakaninsu bai kai kilomita 70 ba, hanya ta ratsa ta Jajimaji. Ita ce mazaunin Mai Bade, bayan da sarautar ta taso daga tsohon birnin Gorgoram. Garin yana bakin kogin Yobe, ƙasa kaɗan da inda kogin Haɗeja da na Jama'are suka haɗu suka nufi tafkin Chadi. Kudu da hanyar da ta haɗa garuruwan nan biyu fadama ce mai faɗi, ta shinkafa da kifi da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da hunturu su sauka a wajejen Dagona. Arewa da hanyar kuwa tudu ne da rairayi, ƙasar gero da raƙuma, har iyakar Nijar ta wajen Machina da Yusufari. Watau matafiyi a nan yana tsakanin ruwa da yashi ne, kowannensu kuwa yana da lokacin da yake tare hanya.

To, al'adar goyon ciki ita ce ke ɗora mata a kan hanyoyin nan. Idan yarinya ta sami cikin fari, galibi in ya kai wata bakwai sai a mai da ita gaban mahaifiyarta, can za ta haihu, a yi suna ran bakwai, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, sai ta cika kwana arba'in kana ta koma gidan miji. Al'ada ce mai dalili, domin mai haihuwar fari tana bukatar wadda za ta tsaya a kanta ba tare da kunya ba. Amma ta wajabta wa kowace yarinya tafiya biyu, ɗaya da ciki, ɗaya da goyo.

A zamanin da jirgin ƙasa ke da ƙarfinsa, tafiyar tana da nata sauƙi. Jirgi ba ya sauri, amma mace tana iya miƙewa ta taka cikin tarago, akwai makewayi, akwai kuma wurin miƙe ƙafa in ba a cika ba. Da sha'anin jirgi ya ja baya tun daga shekarun 1980, sai tafiya ta koma kan mota. A ƙaramar mota akan zaunar da mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, kaya kuma a ɗaure a but har ba ya rufuwa. Wanda zai shiga ƙauyukan tudu kuwa sai akori-kura, a zauna bisa buhuna, in ta kafe a yashi kowa ya sauka a tura. Na cikin fadama da damina sai kwalekwalen 'yan fito, ko amalanken shanu har a fito bakin kwalta.

A ido, mai goyo ita ce abin tausayi. Yaro ya yi kuka, ya yi tumbuɗi, ya ɓata zane, ita kuma tana ta ba abokan zama haƙuri. Wahalarta ta gaske kuwa tana tare da yanayi. A watannin Afirilu da Mayu zafi a Nguru da Gashuwa yakan wuce digiri 40, jariri kuwa ba ya jure wa zafi kamar babba, ruwan jikinsa yana saurin ƙarewa. Sau da yawa a nan ne wata cikin mota za ta ce, “Yarinya, ba shi ruwa mana,” a tsiyaya masa ruwan leda ko na randar bakin tasha, a jawo masa gudawa. Abin da malaman asibiti ke koyarwa shi ne nono zalla har wata shida, ko da ana zafi, domin akwai isasshen ruwa a cikinsa. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa, ta yawaita ba shi mama. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba da ƙura su ne abokan gaba, sai a rufe masa kai da ƙafafu, a guji zama inda iska ke bugowa. Cikin rani ne kuma sanƙarau ke yawo a wannan yanki, cunkoson mota kuwa yana taimaka masa.

Duk da haka, wahalar mai goyo tana da magani a kan hanya. Ana iya tsayawa a inuwa a Jajimaji a ba yaro nono, a sauya masa zane. In maɗigarsa ta faɗa, ko ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya yi zafi, uwa tana gani da idonta, tana iya sauka a garin da ke gaba ta nemi asibiti. Har wa yau akwai wani dace: kwana arba'in ya yi kusan daidai da mako shida, lokacin da ake yi wa jariri zagaye na biyu na allurar rigakafi, bayan na ranar haihuwa da ya haɗa da na tarin fuka da na ciwon hanta da ɗigon shan inna. Uwar da ta tsaya aka yi masa kafin ta taso, ta riƙo katinsa domin na mako goma da na mako sha huɗu, ta rage wa kanta rabin damuwa. Abin da ya fi cutar da jarirai shi ne yawon arba'in da ya wuce kima, a yi ta ɗaukarsu gari gari ana kai wa dangi, kowa ya karɓa ya sumbata.

Mai ciki kuwa ba ta damun kowa a mota. Ta zauna shiru, ga kunyar cikin fari ta hana ta ko da cewa a tsaya ta kama ruwa. Amma ita ce abin tsoro yake tare da ita. Dogon zama a matse yana kumbura ƙafafu, yana kuma iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, shi ya sa likitoci ke cewa ta sauka ta taka bayan kowace sa'a biyu. In motar tana da bel, a ɗaura shi ƙarƙashin ciki, ba a kansa ba. Babbar matsalar ita ce abubuwan da ke kashe mai ciki ba sa sallama: zubar jini, da jijjigar da hawan jini ke kawowa, da naƙudar da ta zo kafin lokaci ko ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Zubar jini bayan haihuwa yana iya ɗauke mace cikin sa'a biyu in ba a tsai da shi ba. Babu inuwar bishiyar da za a tsaya a yi maganin wannan. Sai asibitin da ke da ƙarin jini da ɗakin fiɗa.

A nan ne taswirar ƙasar take da magana. A Nguru akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya, wanda ake turo marasa lafiya zuwa gare shi daga sassan Yobe ta arewa da maƙwabtanta na Jigawa. A Gashuwa akwai babban asibitin gwamnatin jiha. Asibitin koyarwa na jiha kuwa yana Damaturu, hedkwatar Jihar Yobe tun da aka yanke ta daga Barno a 1991, nisansa daga Gashuwa ya fi ninki biyu na nisan Nguru. Saboda haka yarinyar da aka ɗauko daga wani ƙauyen tudu aka kawo ta gidan iyayenta a cikin Nguru, goyon ciki ya yi mata rana, domin ya kusantar da ita ga taimako. Wadda kuwa aka ɗauke daga cikin gari aka kai ta wani tungan masunta a tsakiyar fadama, an nisantar da ita daga gare shi, a daidai watannin da ta fi bukatarsa.

Lokacin shekara ma abin lura ne. Ruwan kogin Yobe ba na nan ba ne, daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos da Bauchi yake gangarowa, sai ya ɗauki makonni kafin ya iso. Shi ya sa kogi yake cika a Gashuwa wajen Satumba da Oktoba, sa'ad da ruwan sama ya fara ɗaukewa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwan ke tafiya, ciyawar kacalla ta toshe magudanai da dama, ruwa ya riƙa kwanciya inda da ba ya kwanciya, sauro ya sami wurin zama. A ambaliyar 2022 ruwa ya ci gidaje da gonaki a Gashuwa da ƙasar Haɗeja, ya datse hanyoyi, garuruwa suka koma sai da jirgin ruwa. Macen da watan haihuwarta ya faɗo cikin irin wannan lokaci, ya kamata mijinta da iyayenta su yi lissafin hanya tun ciki yana ƙarami. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana tsananta ga mai ciki, yana ƙarar mata da jini, don haka gidan sauro da maganin rigakafin da ake bayarwa wurin awo suna cikin guzuri.

Ba ƙaramar magana ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya mata 512 suna rasuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Tun 1994 masana suka bayyana jinkiri uku da ke jawo haka: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu na farko a gida da kan hanya suke. Ganin haka ne aka taɓa yin wani shiri a Yobe da Jigawa da Katsina da Zamfara, inda direbobin ƙungiyar NURTW suka ɗauki alkawarin kai mace asibiti cikin gaggawa ko da tsakar dare ne. Miji mai hankali ba ya jira sai faya ta fashe kana ya fita neman mota. Yana da lambar direba a wayarsa, ya ajiye kuɗin mai, ya kuma san wanda zai ba da jini cikin dangi.

In aka ɗora tafiyoyin nan biyu a sikeli, ta goyo ta fi gajiyarwa, ta tsohon ciki ta fi haɗari. Likitoci sun fi amincewa da doguwar tafiya tsakanin wata na huɗu da na shida, lokacin da laulayi ya wuce, nauyi kuma bai kai ba. Ko kamfanonin jirgin sama galibi ba sa ɗaukar mace bayan mako 36. Dattawan da suka sa wata bakwai ba su yi nisa da wannan ba. Ɓarnar tana zuwa ne daga jan ƙafa, a ce sai an yi girbi, sai an yi albashi, sai bayan Salla, har ciki ya shiga watansa sa'an nan a cusa yarinya a mota. In lokaci ya ƙure haka, ya fi kyau mahaifiyar ce ta hau mota ta zo wurin 'yarta, a haihu kusa da asibiti, in an yi arba'in a kai wa kakanni jikansu su gani. Wadda kuwa za ta tafi, ta tafi da wuri, da katin awonta a hannu, ta kuma nuna kanta ga ungozomar asibitin garin da ta sauka tun kafin ranar bukata. In ta ga jini, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwon kai mai tsanani da duhun gani, ko ta daina jin motsin ɗa, to, ba tafiyar gida ba ce a gabanta, ta asibiti ce.

Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Mota tana tashi daga Nguru kullum, yarinyar da ta shiga gaba a yau da ciki ita ce za ta komo bayan wata uku ko huɗu da goyo a baya, in an yi abin da ya kamata a kan kari. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu, amin.